"Har Abada" Ba Jakar Magori Ba Ce

'Yan'uwa marubuta, wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a littattafanmu: duk inda aka ci karo da forever, ko permanent, ko everlasting, ko eternal, sai a lafta musu "har abada" a wuce. Wannan lalaci ne tsagwaronsa.

Su kansu Turawa ba su ɗauke su ɗaya ba. Permanent daga harshen Latin take, tana nufin abin da ya zauna daram, amma yana iya ƙarewa. Permanent Secretary yakan yi ritaya in ya cika shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki. Wa zai kira shi sakataren har abada? Kalmarsa ita ce dindindin, kamar kujerun dindindin biyar na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda ta Sin ma ta sauya hannu a 1971. Everlasting tana iya samun farko, ƙarshe ne babu. Nan dawwama ta dace, irin ta 'yan Aljanna. Eternal kuwa ba farko ba ƙarshe, tun fil'azal har abada, sifar Allah Shi kaɗai.

To, don Allah, ina dalilin da saurayi a littafin soyayya zai yi wa budurwa alkawarin ƙauna eternal, da Turanci ma don burgewa? Ga "muddin rai", ga "mutu-ka-raba", daidai tsawon numfashin ɗan Adam. Ya tsallake su ya ɗauko sifar Ubangiji, sannan a babi na tara ya yi mata kishiya.