Kaɗaicin Da Turawa Suka Mayar Hutu

Akwai wani sunan littafi da ya daɗe yana yawo a bakin masu jin Turanci, har waɗanda ba su taɓa buɗe shafinsa na farko ba suna aron sa su yi ado da shi. Ina nufin One Hundred Years of Solitude na Gabriel García Márquez, ɗan ƙasar Kolombiya. A ganina kallon kitse ake yi wa rogo game da wannan suna, kuma tunda mu ma ta hanyar Turanci muke sanin irin waɗannan littattafai, abin ya shafe mu.

Da Sifaniyanci aka rubuta littafin, sunansa na asali Cien años de soledad. Kamfanin Sudamericana ne ya fara buga shi a Buenos Aires ta Ajantina a 1967, sannan fassarar Gregory Rabassa ta fito a Amurka a 1970. Shi kansa Márquez ya yaba fassarar ƙwarai, don haka ba wai Rabassa ya yi kasala ba ne. Matsalar tana cikin kalma ɗaya, wato soledad. Mai jin Sifaniyanci da ita yake kiran zaman da mutum ya zaɓa shi kaɗai don ya huta, da ita kuma yake kiran halin wanda duniya ta juya wa baya. Turanci kuwa ya raba su biyu: solitude ga na farko, loneliness ga na biyu. Dole mai fassara ya ɗauki ɗaya. Rabassa ya ɗauki solitude, kamar yadda aka yi wa littafin Octavio Paz ɗan Meziko na 1950, wanda ya zama The Labyrinth of Solitude. Kalmar ta fi nauyi da daɗin faɗa, kuma da ni ne a matsayinsa, wataƙila ita zan ɗauka.

To amma ga Bature, solitude tana da ƙamshi. Tana tuna masa mawaƙi a bakin tafki, ko wanda ya gudu daga hayaniyar birni ya tafi ƙauye shan iska. Mu ce ta fi kusa da abin da muke kira halwa. Shi ya sa da sunan ya bar bangon littafi ya shiga kanun jaridu, sai ya zama kamar hular aro, kowa ya sa ta yadda ya ga dama. Jane Dobisz ta sa wa littafinta One Hundred Days of Solitude, kuma labarin halwarta ne ta addinin Buda a wata bukka cikin daji. Daphne Kapsali ta yi 100 Days of Solitude, kan zamanta a tsibirin Sifnos na Girka. Haka aka yi wa wani littafin na Márquez, Love in the Time of Cholera, lokacin kullen korona na 2020, har aka yi wasan talabijin mai suna Love in the Time of Corona. Ban ce waɗannan marubuta sun yi laifi ba, aron suna tsohuwar al'ada ce. Abin lura shi ne duk sun ɗauki ɓangaren mai daɗi sun bar mai ɗaci.

Wanda ya karanta littafin ya san babu wanda ya huta a cikinsa. Labarin zuri'ar Buendía ne har hawa bakwai a garin Macondo, gida cike da mutane, ga baƙi ga jikoki, amma kowa a kulle cikin ransa. Uban gidan, José Arcadio Buendía, ya ƙare a ɗaure a gindin bishiya cikin tsakar gidansa, yana magana da yaren da iyalinsa ba sa ji. Ɗansa Kanar Aureliano ya tayar da yaƙi sau 32, bai ci ko ɗaya ba, ya dawo ya rufe kansa a ɗaki yana ƙera ƙananan kifaye na zinariya yana narkar da su yana sake ƙerawa. Amaranta ta kori duk wanda ya so ta, ta zauna tana saƙa likkafaninta da hannunta. Sai José Arcadio Segundo, wanda ya ga sojoji sun buɗe wa ma'aikatan gonar ayaba wuta, ya tsira da kyar, ya dawo gari ya tarar kowa na cewa ai ba a kashe kowa ba. Wannan ɓangaren daga tarihi aka ɗauko shi, kisan da aka yi wa masu yajin aikin kamfanin United Fruit a garin Ciénaga a 1928. Mutumin da ya ga gawarwaki da idonsa, garinsu duka ya ƙaryata shi, ina hutu a nan?

Márquez bai ɓoye nufinsa ba. A hirarsa da abokinsa Plinio Apuleyo Mendoza wadda ta fito a littafi a 1982, ya nuna cewa ciwon 'yan gidan Buendía shi ne rashin iya so, kuma kishiyar soledad a wurinsa ita ce tsayawa da juna. A shekarar ce aka ba shi kyautar Nobel, ya kuma sa wa jawabinsa suna da wannan kalma, yana magana kan yadda duniya ta ƙi fahimtar Latin Amurka da azabar da ta sha a hannun masu mulkin kama-karya. Ke nan kalmar har siyasa take ɗauke da ita, abin da ba ka jin ɗuriyarsa a kanun jaridun Turanci.

Mu a Hausa, sau da yawa suna daga bakin jama'a yake shiga littafi. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta ɗauko Alhaki Kuykuyo Ne daga karin magana. Da Aliyu Kamal ya fassara shi, aka buga a Indiya a 2012, sai da aka ƙarasa maganar a bango: Sin is a Puppy that Follows You Home. Wannan ya nuna cewa suna ba ya ƙetare harshe ya isa da kayansa cif-cif, sai mai fassara ya tallafa masa.

Don haka ga roƙona ga duk wanda Allah Ya nufa da fassara wannan littafi zuwa Hausa, ko yin sharhi a kansa. Kada ya tsaya ga ƙamus na Turanci ya ce halwa ko keɓewa. Kewa ma ba ta yi ba, don mai kewa yana da wanda yake so a zuci. Kaɗaici ita ce ta fi kusa, Shekara Ɗari Cikin Kaɗaici, amma da sharaɗin mai karatu ya gane irin kaɗaicin da ake nufi: na mutanen da ke cin tuwo a kwano ɗaya ba wanda ya san damuwar ɗan'uwansa. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, su kuwa 'yan gidan Buendía ko taku goma zuwa ɗakin juna ya gagare su, har guguwa ta zo ta share garin.

Márquez ya rasu a 2014, Netflix kuma ta fara nuna littafin a fim a Disambar 2024, don haka masu ambaton sunan sai ƙaruwa suke. Shawarata ita ce a nemi littafin a karanta kafin a ari sunansa. Allah Ya raba gidajenmu da irin zaman gidan Buendía, amin.