Rigar Sanyi: Tambari Muke Saye Ko Ɗumi?

Ga hunturu ya sake kunno kai, kuma kamar kowace shekara gardama ta tashi a kara: wace rigar sanyi ta cancanci kuɗin mutum, mai tambarin kamfani a ƙirji ko mai araha da ake jibgewa a bakin tasha? Wani zai ce ina ruwan ƙungiya da zancen riga. To, ruwanmu ne. A Disamba da Janairu sanyin dare a Damagaram da Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15. Wanda ya yi lodi a Maigatari ran Alhamis, ya hau saman kamiyo ya nufi Ikko, iska na dukan ƙirjinsa har asuba, shi ya san abin da wannan ke nufi.

Rigar da muke magana a kai ita ce mai laushin nan kamar gashin tunkiya, wadda Turawa ke kira filis. Ba ulu ba ce, ba kuma auduga ba. Zaren roba ne, foliyesta, ɗan'uwan robar gorar ruwa. Wani kamfanin saƙa a Amurka, Malden Mills, shi ya fito da ita wajen 1979, kamfanin Patagonia kuma ya yaɗa ta. Yau kowa na yin ta. Ɗuminta daga iskar da gashin ke riƙewa yake, shi ya sa ake auna ta da nauyi: giram 100, 200 ko 300 a kowace murabba'in mita. Wato idan riga biyu nauyinsu ɗaya, a ranar farko ɗuminsu kusan ɗaya ne, ko da tambari ko babu.

To, me mai sayen ta kamfani yake biya? Yana biyan abin da ba ya fitowa sai an daɗe. Mai araha, in an wanke ta sau uku ko huɗu, gashin ya dunƙule ya kwanta, gwiwar hannu ta yi sul, zik ya ƙi hawa. Ta ƙwarai takan yi hunturu da yawa ba ta sake kama ba. Nan dai masu cewa araha ba ta ado sun yi gaskiya, ba mu musa ba.

Amma fa akwai abin da ba sa faɗi. Da yawa daga cikin sababbin rigunan da muke gani a kasuwanninmu da sunan The North Face ko Columbia, sunan kawai suka ara. Mai araha ce aka liƙa wa tambari, aka ninka kuɗi. Wanda ya saya ya yi asara biyu: ya biya tsada, ya kuma kwana da sanyi. Ta ainihi sabuwa kuwa, kuɗinta ya fi ƙarfin kayan da za a shiga da shi cikin kashin shanu da ƙura. Mu da muke wannan sana'a bai kamata a yi mana haka ba. Wa ya taɓa sayen sa saboda kyan igiyar da ke wuyansa? Haƙori muke dubawa, mu taɓa tozo, mu sa a kora shi mu ga tafiya.

Haka za mu yi wa riga. A ɗaga ta a rana. In haske na ratsa ta kamar rariya, a ajiye. A murza gashin da yatsa a ga ko yana tsigewa. A ja zik sama da ƙasa sau da yawa, in an ga YKK a jikinsa alama ce mai kyau. A juya cikin a dubi ɗinkin hammata da na aljihu. Wuyan ya zama mai tsayi, bakin hannu da ƙugu su kama jiki. A ganinmu, cinikin da ya fi riba shi ne ta kamfani ta ainihi daga gwanjo, abin da muke kira bosho, irin wadda ke shigowa ta Kwatano da Lome ta iso Maraɗi, ko a same ta a Ƙofar Wambai a Kano. An sa ta a can, ta jure, ta nuna halinta.

Abu biyu kuma babu tambarin da ke maganinsu. Na farko, wannan riga ba ta tare iska. A tsaye a kara tana da ɗumi, amma a saman mota mai gudu iska na shiga ta kamar ba a sa komai ba. Dole a ɗora mata wata rigar leda ko ta ruwa a sama, a naɗe kai da wuya da rawani. Mai araha da rigar leda ta fi mai tsada ita kaɗai, nesa ba kusa ba. Na biyu, roba ce, ba ta shiri da wuta. Tartsatsi ɗaya wajen jin ɗumi ko wajen mai shayi ya isa ya huda ta, in ta kama kuma narkewa take ta manne a fata. A ja baya da wuta.

Yanzu ga inda maganar ta fi shafarmu. Alhaji mai shanu yana gaban mota ko yana gida, an rufe gilashi. Wanda ke sama shi ne yaron rakiya, shi ke sauka cikin duhu ya tada saniyar da ta faɗi kafin ƴan'uwanta su tattake ta. Hunturun da ya wuce mun ga wani yaro da aka sauke da tari da ciwon haƙarƙari, daga shi sai ƴar shara da tsohon bargo. Kuɗin maganinsa ya sayi riguna da yawa. Kuma yaron da hannunsa ya sandare ba ya riƙe igiya, ba ya riƙe katako. Saniya ɗaya in ta mutu a hanya, ko yaro ya zamo daga sama, wa gari ya waya?

Saboda haka shawararmu ita ce: dillali ko fatoma da ke sa riga da safe ya tuɓe da hantsi, mai araha ta ishe shi, kada ya wahalar da aljihu. Mai hawa mota kuwa a nema masa mai nauyi ta ƙwarai tare da rigar leda, kuma mai kaya ne zai saya, ya sa cikin lissafin lodi kamar kuɗin duwan da la'ada. Rassan ƙungiya na iya haɗa kuɗi su ɗauki dila guda a ƙarshen hunturu, lokacin da masu bosho ke neman kai da kayan sanyi, a ajiye wa baɗi.

Lafiya uwar jiki. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa. Amin.