Sunan Yanka Da Sunan Tsakar Gida

Zuwa ga Edita, ga ni na komo filin nan da ka saba ba ni. Yau a kan sunaye zan yi magana, gama aikina ke nan, kullum ina bisa tebur ina shigar da sunayen mutane cikin rajista.

A nan ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Dambatta zuwa Bichi, inda gona ke manne da gona, mutum yakan tashi da suna biyu. Na fari shi ne wanda liman ya raɗa ran kwana bakwai, aka yanka rago. A wannan babu kamar Muhammadu, sa'an nan Abubakar da Umaru da Usmanu da Aliyu, mata kuwa Hadiza da A'isha da Fatsima. Dalilin ƙaunarsu ba sai an gaya wa Musulmi ba.

Na biyu shi ne wanda tsofaffin mata kan laƙaba wa jariri, tun ba ma da yake uwa ba ta kama sunan ɗan farinta don kunya. Wannan shi ke ba da labarin gida. Tanko, namijin da ya biyo bayan mata. Kande, macen da ta biyo bayan maza. Gambo, mai bin tagwaye. Nomau, wanda ya faɗo ana tsakiyar noma. Shekarau, wanda ya daɗe a ciki. Kada mai karatu ya ce sunayen ƙauye ne, gama Malam Ibrahim Shekarau ya yi gwamnan Kano daga 2003 zuwa 2011.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kwanan baya wani saurayi ya zo mini daga wajen Makoɗa tare da baffansa. Takardarsa ta makaranta ta ce Isa Ajuji, shi kuwa ya roƙe ni in soke Ajuji, wai abokai na yi masa dariya. Na ce, “Samari, ka san mafarin sunan nan?” Ya yi shiru. Sai tsohon ya ce, “Malam, uwarsa ta binne huɗu kafin shi. Da aka haife shi, kakarsa ta kai shi juji ta ajiye, wai a nuna ba a damu da shi ba, ko ya tsaya.”

Malamai za su ce camfi ne, ni ma ban musa ba, rai a hannun Allah yake. Irinsa ne Ayashe da Barau. Amma jama'a, ku duba: yaran nan huɗu ba su shiga rajistar kowa ba, kaburburansu sun shafe, ba abin da ya rage na shaidar zuwansu duniya sai sunan ƙanensu. Ban da wannan kuma, wanda sunansa na katin ɗan ƙasa ya saɓa da na takardar makaranta, shi ya san irin zirga-zirgar da zai sha a banki da wurin neman aiki.

Na rubuta Isa Ajuji kamar yadda yake, na miƙa masa. Ya karɓa fuska a murtuke, ko sallama bai yi mini ba. Baffan ne ya tsaya ya yi godiya.

Naku,
Akawu, Dambatta.