A duba ruwan Legas kafin a sayo jirage marasa matuƙi

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi magana kan ƙananan jiragen ruwa marasa matuƙi, waɗanda ake sarrafawa daga nesa domin gadin tashoshin jiragen ruwa. Mu a Jikwoyi ba mu da teku, amma yawancin kayan waje da muke saye a kasuwannin Karu da Nyanya ta tashoshin Apapa da Tin Can suke shigowa, kuma duk kuɗin inshorar da aka ɗora wa jirgi saboda tsoron 'yan fashi, a aljihunmu yake ƙarewa.

A 2020 an sace ma'aikatan jiragen ruwa 130 a Mashigin Gini. A watan Yunin 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Deep Blue na hukumar NIMASA, na dala miliyan 195, kuma fashin ya ragu ƙwarai. Sai dai barazanar tana sauya kama: a 2024 'yan Husi sun kai wa jirgin Tutor hari a Bahar Maliya da kwalekwalen da babu kowa a cikinsa.

Don haka ina goyon bayan a samu irin waɗannan jirage. Suna kwana sintiri ba gajiya, kyamararsu tana gani cikin duhu, ba a kuma jefa ran sojanmu cikin haɗari. Abin da ke damuna shi ne yadda za a zaɓa. Ruwan Legas cike yake da kainuwa da leda da yagaggiyar koma, masu naɗe farfela su toshe inji. Ga masunta da kwalekwalen fasinja suna kai da kawowa dare da rana; dole na'urar ta iya kauce musu, kuma kada a bar mata hukuncin harbi, ya zauna a hannun mutum. Idan sadarwa ta yanke fa, jirgin zai iya komowa da kansa? A gwada shi a ruwanmu, da damina, kafin a sa hannu a kwangila.

Sai maganar gyara. Tashar jiragen ruwa ta Baro da aka buɗe a 2019 ta nuna mana cewa yanka ƙyalle daban, aiki daban. Injiniyoyin sojan ruwanmu sun ƙera jiragen ruwa NNS Andoni a 2012 da NNS Karaduwa a 2016 a Legas. Ina roƙon ma'aikatar harkokin teku da 'yan majalisa su sa sharaɗi a kwangila cewa kamfanin da za a sayi jiragen a wurinsa zai horar da su, ya kuma ajiye kayan gyara a nan gida.

Naka mai karatu,
daga Jikwoyi, Abuja.