Zancen Iyali: Yanzu Ana Gane Gaban Sawun Keke

Hausawa sukan yi wa mutum mai zurfin ciki kirari da sawun keke, wai ba a gane gabansa. In keke ya ratsa yashi tsakanin Gaya da Ajingi, wanda ya zo daga baya zai ga layi a ƙasa, amma ba zai iya faɗi ko mai keken ya nufi gabas ne ko yamma ba. Kafin azahar iska ta share layin, ko shanu su tattake shi. To, 'yan'uwa masu karatu, wayar hannu ta kusa kashe wannan kirari. Akwai sawun keke yanzu wanda ake gane gabansa da bayansa, da ƙarfe nawa ya tashi, da ƙofar da ya tsaya, iska kuwa ba ta share shi.

Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki. Daga nan mutane da yawa suka jingine babur, suka sauko da tsohon keke daga rataya, suka kai wa mai faci. Malaman makaranta, da masu bishara, da masu kai kaya kasuwar Wudil ran Jumma'a, duk an koma taka feda. Mu dai ba mu ga abin kunya a nan ba. A kan Raleigh da Phoenix ne iyayenmu suka kai Bishara ƙauyuka masu yawa na ƙasar Kano. Abin da ya bambanta shi ne, mahayin yau yana da waya a aljihu.

Matasanmu da suka yi karatu a Kano ko Zariya ko Jos sun komo da wata manhaja mai suna Strava, akwai kuma waɗansu irinta. An kafa kamfaninta a Amurka a 2009. Aikinta shi ne, in mutum zai hau keke ko zai yi gudu sai ya kunna ta. Wayar tana karɓar alama daga taurarin ɗan Adam, tana rubuta inda mutum yake kusan kowane daƙiƙa. In ya sauka sai ta zana masa hanyar da ya bi a kan taswira, ta gaya masa kilomita nawa ya yi, cikin minti nawa. Har nan ba laifi. Motsa jiki abu ne mai kyau, saurayin da ya tashi da asuba ya yi kilomita 20 ya fi wanda ya kwana kallon fim. Amma an gina manhajar domin a nuna wa mutane, su yaba. Wanda bai shiga ya kulle ba, sau da yawa baƙon da bai taɓa gani ba yana iya buɗe taswirarsa.

Mun sani masu Strava ba su da yawa a Gaya da Ajingi tukuna. Kada wannan ya sa uwa ta ce zancen bai shafi gidanta ba. Yaron da ya ɗauki hoton taswirar tafiyarsa ya sa a Facebook, da wanda ya bar WhatsApp yana nuna inda yake ga ƙungiya mai mutum ɗari biyu, abu ɗaya suka yi.

Manyan ƙasashe ma sun ƙone da wannan wuta. A watan Nuwamba 2017 kamfanin Strava ya fitar da wata babbar taswirar duniya, wadda ya haɗa daga tafiye-tafiye biliyan 1 na masu amfani da shi. Inda mutane suke yawan bi sai wurin ya yi haske, ba a sa sunan kowa ba. A watan Janairu 2018 wani ɗalibi ɗan shekara 20 a Ostareliya, Nathan Ruser, ya lura cewa a tsakiyar hamadar Siriya da duwatsun Afganistan, inda ko'ina duhu ne, akwai waɗansu ƙananan zobba masu haske. Ashe sansanonin soja ne. Sojojin suna gudun safe suna kewaya katanga da wayoyi da agogonsu a kunne, sun zana sansanin da ƙafafunsu. Masu bincike suka ga irin wannan har a hamadar Nijar, maƙwabciyarmu. A watan Agusta na shekarar, ma'aikatar tsaron Amurka ta hana sojojinta da ke fagen daga kunna irin waɗannan na'urori. Duk da haka ba a daddara ba. A watan Oktoba 2024 jaridar Le Monde ta Faransa ta nuna yadda ta bi sawun masu tsaron lafiyar shugabannin Faransa da Amurka da Rasha ta Strava, har ta gane otal ɗin da shugaba zai sauka, domin masu tsaronsa sun riga shi isa, sun fita gudu daga ƙofar otal ɗin.

Abin lura a labarin sojojin nan shi ne, a wurin da ba kowa ne haske ya tone su. A Landan, inda dubbai suke bin titi ɗaya, sawun mutum guda yakan ɓace cikin na jama'a. A ƙauye ba haka ba ne. A 2023 masu bincike a wata jami'ar jihar Karolina ta Arewa a Amurka sun nuna cewa a wuraren da masu manhajar ba su da yawa, ana iya bin hasken taswirar har a gane gidan mutum. Watau ƙarancinmu ba ya ɓoye mu. In layi ya fito daga wata unguwa a Ajingi, ba sai an yi duba ba kafin a san ko na wane ne.

Littafi Mai Tsarki ya riga ya ba mu labarin mutumin da ya nuna abin da bai kamata ba. Yana cikin 2 Sarakuna sura 20, da Ishaya sura 39. Sarki Hezekiya ya yi ciwo har bakin mutuwa, Ubangiji ya warkar da shi. Sai sarkin Babila ya aiko manzanni da wasiƙa da kyauta, wai sun zo gaisuwa. Hezekiya ya ji daɗi ƙwarai. Ya kama hannunsu ya zaga da su, ya nuna musu azurfa da zinariya, da kayan yaji, da mai mai tsada, har da ɗakin makamai. Bai rage kome ba. Da suka tafi annabi Ishaya ya zo ya tambaye shi daga ina mutanen suke, me kuma suka gani. Da ya ji amsa, sai ya faɗa masa cewa rana tana zuwa da za a kwashe dukan abin nan a kai Babila, har da waɗansu daga cikin zuriyarsa. Bayan shekara ɗari da 'yan kai kuwa haka ya faru a hannun Nebukadnezzar.

Hezekiya ba mugun sarki ba ne, yana cikin na kirki. Ba a kuma fasa masa taska ba, shi ya buɗe da hannunsa, yana murna. Baƙin sun zo da fara'a ne, kamar yadda baƙo a manhaja yakan fara da yaba wa saurayi saurin kekensa. Sa'an nan, wannan ne ya fi damunmu, ba Hezekiya ne ya biya bashin ba. Shi ya mutu cikin salama. Jikokinsa ne suka tafi bauta.

Haka sawun keke yake, ba na mahayin kaɗai ba ne. A ce wani mai bishara yana fita kowace Laraba da la'asar. Yakan tsaya a gidan wata gwauruwa ya kai mata ɗan hatsi daga ikkilisiya. Daga nan ya wuce wurin wani mara lafiya. Daga nan kuma ya shiga wata 'yar unguwa, wurin wani da yake tambaya a kan bangaskiya, wanda bai riga ya gaya wa danginsa ba. Taswirar za ta nuna tsayawa uku, da tsawon kowace, mako bayan mako. Mai bisharar yana iya cewa shi ba ya jin tsoro, ransa yana hannun Allah. Madalla. Amma wa ya tambayi gwauruwar ko ta yarda a san ana kai mata taimako? Wa ya tambayi mutumin na uku? Mu da muke zaune a ƙasar Kano mun san nauyin wannan magana ba sai an buɗe ta ba. Muna zaman lafiya da maƙwabtanmu Musulmi, muna cin kasuwa ɗaya, muna zuwa wa juna biki da ta'aziyya, ɗaya daga cikin abin da ya riƙe zaman nan kuwa shi ne kowa ya san abin da ake faɗi a dandali da abin da ake bari a cikin gida.

Ga kuma batun ɓarayi. 'Yan sanda a Ingila sun sha gargaɗin masu kekuna masu tsada cewa ɓarayi suna duba inda layi yake farawa da inda yake ƙarewa, su san ɗakin da keken yake kwana. Namu ya fi satar keke. A watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara da waɗansu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, domin a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Mun gode wa Allah gabashin Kano bai ga irin abin da waɗancan wurare suka gani ba. Amma me ɗan rahoto yake sayarwa? Wane yakan bi ta hanya kaza, ran kaza, da ƙarfe kaza, shi kaɗai. Abin da ake biyan mugu ya tattara ke nan, yaro kuwa yana bayarwa kyauta domin a danna masa alamar yabo.

Ba mu ce a jefar da waya ba. A dai zauna, uba da ɗa, ko uwa da 'ya, a buɗe wurin saitin sirri. A Strava kowace tafiya tana da mataki uku: kowa ya gani, mabiya kaɗai su gani, ko kai kaɗai. Mu ɗauke su kamar gidan Bahaushe, ƙofar gida, da zaure, da ƙuryar ɗaki. A mai da tafiye-tafiye zuwa zaure, a kuma sa sai da izini kafin wani ya zama mabiyi. Sa'an nan a bi sunayen mabiyan ɗaya ɗaya. Wanda ba za a shimfiɗa masa tabarma a zauren gida ba, a cire shi. Tsofaffin tafiye-tafiye ba su kulle kansu, akwai wuri dabam da ake sauya su gaba ɗaya, a nan ne kuwa mutane suka fi mantuwa. A kashe abin da ake kira Flyby, mai nuna wa waɗanda kuka yi kiciɓis a hanya ko wane ne kai. A kuma cire alamar yarda da sa tafiyarka cikin babbar taswirar nan mai haske.

Akwai saitin da yake ɓoye farkon tafiya da ƙarshenta, daga mita 200 zuwa kamar mil ɗaya. A yi amfani da shi, a ja shi har iyakarsa, amma kada a dogara gare shi. A 2022 masu bincike a jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam sun gwada irin wannan shinge, suka iya gano wurin da aka ɓoye a kusan kashi 85 cikin 100, ta lissafin nisan tafiyar da hanyoyin da suka shiga wurin. In haka ya yiwu a birnin Turai mai tituna barkatai, ina ga unguwar da hanya ɗaya ce take shiga, gidaje goma ne a ciki? Abin da ya fi shi ne, kada a kunna manhajar sai an hau kwalta, a kashe ta kafin a sauka daga kwalta. Ranar ziyara kuwa, ko ranar kai kuɗin baiko banki, kada a kunna ta sam. Nehemiya ma da ya hau dabbarsa da dare ya zaga rusasshiyar garun Urushalima, bai gaya wa ko shugabanni inda ya je ba sai da lokacin faɗi ya yi.

Wani abu yakan ba mu mamaki. Saurayin da duniya duka take ganin hanyarsa, sau da yawa mahaifiyarsa ce kaɗai ba ta san inda ya tafi ba. An juya abin ke nan. Tun dā ba a fita gida sai an yi sallama, a ce, “Mama, na tafi Gaya, zan komo kafin magariba,” ita kuma ta ce Allah ya kiyaye hanya. A nan wayar tana da amfani na gaske. WhatsApp yana barin mutum ya nuna inda yake ga mutum ɗaya na minti 15, ko awa 1, ko awa 8, in lokacin ya cika ya tsaya da kansa. Strava ma tana da Beacon, wanda yake aika wa mutum uku da ka zaɓa. Maigida ya aika wa uwargida, 'ya ta aika wa babanta, mai bishara ya aika wa fasto ko dattijo ɗaya. Kada a aika cikin ƙungiyar matasa ko ta zumuntar mata, gama ba wanda ya san hannu nawa wayoyin nan suke ratsawa, ko a shagon caji ma.

Muna roƙon shugabannin matasa su ware rabin awa bayan sujada wata Lahadi a watan nan, kowa ya fito da wayarsa, wanda ya iya ya nuna wa wanda bai iya ba. Kamfanonin nan sukan sauya saitinsu ba tare da sanarwa mai ƙarfi ba, saboda haka a sāke dubawa bayan girbi, a kuma duba duk lokacin da aka sayi sabuwar waya.