M.D. Yusufu: Ɗan Sandan da Ya Ƙi Sara wa Abacha

Masu cewa tsohon ɗan sanda bai dace da siyasa ba, wai don ya saba da bin umarni, su dubi tarihin Alhaji Muhammadu Dikko Yusufu. Bakatsinen nan, jinin sarauta, ya riƙe muƙamin Sufeto Janar na 'yan sandan Najeriya daga 1975 zuwa 1979. A 1998, lokacin da jam'iyyu biyar suka haɗa baki suka tsayar da Janar Sani Abacha ɗan takarar shugaban ƙasa tilo, manyan 'yan siyasa da dama sun yi gum. Shi kuwa ya fito neman tikitin jam'iyyar GDM, ɗaya daga cikin biyar ɗin, ya ja da mai mulki a taron jam'iyyar da aka yi a Maiduguri, alhali ya fi kowa sanin abin da jami'an tsaro ke iya yi wa mai taurin kai.

Za a ce ai bai ci ba, kuma takararsa ta 2003 a jam'iyyar MDJ ba ta kai ko'ina ba. Haka ne. Amma a 1998 ba ƙuri'a ake nema ba. Mutum ake nema wanda zai ce a'a a bainar jama'a, kuma tsohon ɗan sandan nan ya faɗa. Ya rasu a 2015. Ya cancanci matasanmu su san sunansa.