Maganin farfaɗiya da jijiya ba goro ba ne, a daina rabonsa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan biki ko a majalisar dattawa bayan la'asar ya san yadda abin yake faruwa. Wata baiwar Allah ta ce tafin ƙafarta na yi mata zafi kamar ta taka garwashi, ta kwana uku ba barci. Kafin ta rufe baki, ta kusa da ita ta zuge jaka ta ce, "Ungo wannan, Hajiya, shi likita ya rubuta mini, kamar yankan wuƙa." Aka karɓa da godiya, aka haɗiye da ruwan leda. Mu mutane ne masu kyauta, kuma ina alfahari da hakan. Amma akwai kyautar da kan kai mutum kabari, kuma a yau ina so mu kira ta da sunanta.

Magunguna biyu nake nufi, gabapentin da ɗan'uwansa pregabalin. Wasu sun fi sanin su da sunan kamfani, Neurontin da Lyrica. An amince da na farko a Amurka a 1993, na biyun kuma a 2004. Likitoci na rubuta su ga masu wani nau'in farfaɗiya, da masu ciwon da ke tasowa daga lalacewar jijiya kanta: raɗaɗi da tsikari da mutuwar ƙafa irin na mai ciwon suga, ko zugin da ke saura a gefen jiki bayan ƙurajen nan masu ruwa da ƙwayar cutar ƙarambau ke tayarwa a jikin manya. Aikinsu shi ne rage yawan saƙon da jijiya ke harbawa idan ta rikice. Ga wanda aka rubuta wa bisa ƙa'ida, rahama ne. Akwai wanda da su ya koma barci, akwai wanda da su ya koma kasuwa. Ban zo in tsorata kowa da maganinsa ba. Na zo ne in ce a bar shi a hannun mai shi.

Me ya sa? Domin likitan da ya rubuta wa mai jakar nan ya auna abubuwan da Hajiyar da aka ba kyautar ba ta san da su ba. Waɗannan magunguna ta ƙoda suke fita daga jiki. Wanda ƙodarsa ta yi rauni, kamar yadda ake yawan samu ga tsofaffi da masu suga da masu hawan jini, maganin kan taru a jininsa, sai a ga dattijo yana tangaɗi, yana magana a ruɗe, a ce tsufa ne ko a ce an yi masa jifa. Adadin da ya dace da mai shekara 40 yana iya kwantar da mai shekara 75. Haka farfaɗiya, ba iri ɗaya ba ce. Akwai irin da yaro zai yi shiru ya ƙura ido na ɗan lokaci, akwai mai fizgar gaɓɓai, kuma waɗannan magunguna na iya tsananta irin waɗannan maimakon su kwantar da su. To ina uwar da ta ba ɗan maƙwabciya maganin ɗanta ta san wane iri ne?

Babbar masifar kuwa tana ga numfashi, kuma nan nake so kowa ya buɗe kunne. Gabapentin da pregabalin suna sanyaya ƙwaƙwalwa. Idan aka haɗa su da wani abin da shi ma yake sanyaya ta, irin tramol, kodin, diazepam, maganin barci ko barasa, sai numfashi ya riƙa raguwa a hankali. Mutum zai kwanta, ya yi minshari mai nauyi, 'yan gida su ce gajiya ce a bar shi ya huta. Da asuba a je tashinsa salla a tarar rai ya yi halinsa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka a watan Disamba na 2019, ta ambaci masu shan magungunan kashe zafi masu ƙarfi, da masu cutar huhu, da tsofaffi. A watan Afrilu na shekarar, Birtaniya ta riga ta saka su duka biyun cikin jerin ƙwayoyin da doka ke tsare da su, saboda yawan mace-macen da aka danganta da su. Ƙasashen da ba a sayen irin wannan ƙwaya sai da takarda ke nan. Mu fa, da yaro ɗan shekara 12 zai shiga kemis da kuɗi a hannu ya fito da abin da aka aike shi?

Idan kuka ga wanda ya sha irin wannan magani barcinsa ya yi nauyin da ba a iya tashinsa, ko numfashinsa na fita sama-sama da jinkiri, ko leɓɓansa da farcensa sun canza launi, kada a yayyafa masa ruwa a zauna jira. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a tafi da kwalin abin da ya sha.

Samari, ku nake kira yanzu, don na san labari ya iso muku cewa pregabalin na sa "caji". Mun ga abin da kodin ya yi mana. Sai da aka nuna wa duniya halin da 'ya'yanmu suka shiga kafin gwamnatin Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Kwalba ta yi wuya, sai aka koma neman kafso. Wannan kafson yana kama jiki. Biyu na yau ba za su isa gobe ba, sai huɗu, sai kati guda, kuma ranar da babu, sai zufa da rashin barci da fargaba da tashin zuciya, wani ma har ya faɗi yana shure-shure alhali bai taɓa farfaɗiya ba. Wanda ya riga ya faɗa ciki kada ya yanke a rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Ya nemi likita a janye shi a hankali. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, akwai sashen a asibitocin koyarwa, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Ku kuma masu kemis, ku ji tsoron Allah. Lasisin ƙaramin shagon magani bai ba ku izinin sayar da maganin da sai da takardar likita ba, kun fi ni sani. In saurayi lafiyayye ya zo da dare yana neman kati uku ba takarda, kun san ba ƙafar kakarsa ke ciwo ba. Ribar da ke cikin katin nan nawa ce? NAFDAC da NDLEA da majalisar masu harhaɗa magunguna suna da nasu aikin, mu kuma muna kira su matsa. Amma ba jami'in da zai kwana a bakin kowane shago. Hannun da ya miƙa shi ne hannun da za a tambaya.

Yanzu bari in juyo ga ɗaya gefen, wanda ba a cika magana a kansa ba, alhali yana cin rayuka kamar na farko. Shi ne mai maganin da ya ajiye maganinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rayuwa ba faɗuwa idan suka sami magani yadda ya kamata. Ku dubi wannan adadi da kyau. Bakwai cikin goma. Amma me muke yi? Yaro ya wata shida bai faɗi ba, sai uba ya ce, "Alhamdu lillahi, ya warke, a huta da kashe kuɗi." Ai rashin faɗuwar nan aikin maganin ne. A cire shi kwatsam, sai ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na da, wani lokaci faɗuwa a kan faɗuwa ba farfaɗowa a tsakani, kuma wannan na kisa. Ko likita ne ya ga dacewar a daina, ba ya yankewa rana ɗaya, ragewa yake yi kaɗan-kaɗan cikin mako guda ko fiye. Wani kuma an kai shi wurin mai ruƙiya ko mai maganin gargajiya, an ce sai ya ajiye na asibiti kafin a fara aiki. Malamai, don girman Allah ku daina faɗin haka. Ku yi addu'arku, muna so, muna kuma buƙata. Addu'a ba ta taɓa faɗa da ƙwaya ba. Wanda ya ce wa mai farfaɗiya ya ajiye maganinsa, har mai ciwon ya faɗa wuta ko rijiya, da wane baki zai yi wa iyayensa ta'aziyya?

Ga kuma azumi. Gabapentin sau uku ake yawan shan sa a rana, kuma ga mai farfaɗiya ba a so tazarar da ke tsakanin sha da sha ta wuce awa 12. Daga sahur zuwa buɗa-baki a ƙasarmu ya zarce haka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a Sha'aban a je a ga likita, ya duba ko za a iya sauya tsarin, ko kuwa mutum na cikin marasa lafiyar da addini ya yi wa rangwame. Kada kowa ya haɗa na rana duka ya watsa a baki lokacin sahur da ra'ayin kansa.

Wanda aka fara rubuta wa maganin kuwa, ya yi haƙuri da shi. Ba irin Panadol ba ne da za a sha a ji sauƙi kafin a idar da salla. Da kaɗan ake farawa ana ƙarawa, kuma sauƙin ciwon jijiya kan ɗauki kwanaki ko makonni. Kada ka ninka don ka ƙosa. In ka manta ka sha, sha da ka tuna, sai dai in lokacin na gaba ya kusa, to bar wancan ya wuce. A kwanakin farko jiri da gyangyaɗi da dishi-dishin gani ba baƙi ba ne, don haka direba da ɗan acaba da mai Keke Napep da magini mai hawa sama su faɗa wa likita sana'arsu tun kafin ya ɗora biro. Fasinja bai san abin da ka sha ba. Mai shan farin ruwan maganin olsa ya bar awa biyu tsakaninsa da gabapentin, don yana rage shigarsa jiki. Kumburin ƙafa da ƙiba na iya zuwa, a gaya wa likita. Amma ƙuraje da zazzaɓi, ko kumburin fuska da harshe, ko mutum ya shiga baƙin ciki yana zancen gajiya da rayuwa, waɗannan ba sa jiran ranar komawa asibiti.

Mata masu juna biyu da masu shirin ɗauka, ku faɗa wa likita da wuri. Akwai abin lura game da jariri, musamman ga pregabalin, amma faɗuwar uwa da ciki ita ma haɗari ce babba. Kada kunya ta sa ki yi shiru, kada tsoro ya sa ki ajiye maganin da kanki.

In kuma farfaɗiya ta kama wani a gabanku, a daina cusa cokali a baki, a daina ɗura ruwa ko manja, a daina turara hayaƙi, a daina gudu don tsoron yawu, farfaɗiya ba a ɗaukarta. A kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai taushi ƙarƙashin kansa, a juya shi kan gefe. Ya wuce minti biyar bai tsaya ba, sai asibiti.

Limamai, ku ba wannan magana minti biyu a huɗubar Juma'a. Masu unguwanni, ku leƙa shagunan maganin da ke unguwanninku. Kai kuma maigida, ke kuma uwargida, yau da dare ku buɗe durowar nan da ake tara ragowar magunguna. In akwai gabapentin ko pregabalin na wanda ke sha, ku kulle shi inda yara da samari ba za su kai ba, ku ƙirga abin da ya rage don a sayo wani kafin ya ƙare. In na wanda ya daina ne ko ya rasu, ku mayar wa mai harhaɗa magani a asibiti. Gobe kuma in wata ta ce ƙafarta na zafi, ku ba ta kuɗin mota ta je a auna sugarta.